Kafin tsofaffin jiragenmu su koma tukwane

A layinmu akwai wani dattijo da ya yi shekara kusan talatin yana gyaran jiragen sama. Baba muke ce masa, yara da manya. Watannin baya ya aiko jikansa ya kira ni, wai tunda ni ne mai kwamfuta na unguwa, in zo in saka masa wasu takardu a waya. Na tafi da zaton takardun fansho ne. Sai ya sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafan da yake rubuta duk aikin da ya yi a jikin jirgi, da kwanan wata da lambar jirgin, ga hotunansa da abokan aiki a gindin fiffike, ga zanen wayoyin lantarki da ya kwafa da hannunsa lokacin da aka tura shi kwas. Gara ta cinye fiye da rabi. Wasu shafukan ina ɗaga su suna zubewa kamar gari.

Ya daɗe yana kallon adakar, sannan ya ce, "Ɗana, ɗauki abin da ya saura." Na ce, "To Baba." Shafi 214 na samu na ɗauka da wayata a kwana uku.

Tun ranar abin yake damuna, shi ya sa yau na ajiye maganar wayoyi da manhajoji na ɗauko ta jiragen sama. Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa wannan da shafin fasaha. Ni a wurina jirgin sama shi ne na'ura mafi girma da yawancinmu za mu taɓa shiga a rayuwa, kuma yadda muke yi da tsofaffinsa bai bambanta da yadda muke yi da tsohuwar manhaja ba: a yi amfani da ita har ta gaji, a watsar, a manta da wanda ya san cikinta, bayan shekara goma a dawo ana neman wanda zai fara daga farko.

Abin da Kano ta gani

A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku na rundunar sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira. Suka biyo ta Sudan da Chadi, ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a Kano, a filin da Turawa ke wasan dawakai, zamanin Sarki Usman. Daga nan ake fara ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya, wato Nuwamban 2025 shi ne cikar shekara 100. Jagoran tafiyar sunansa Arthur Coningham, wanda daga baya ya jagoranci sojan saman Ingila a yaƙin hamadar Arewacin Afirka. Ikon Allah, shi kansa a jirgi ya ɓace a 1948 a kan tekun Atlantika kusa da Bermuda, ba a ga jirgin ba har yau.

DH.9A ɗin nan katako ne da yadi da wayoyin ƙarfe. Fukafukai biyu, ɗaya a saman ɗaya, inji guda mai silinda 12 ƙirar Amurka mai ƙarfin doki 400, mutum biyu a zaune kansu a waje iska na dukansu. Gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba. Da wannan suka keto hamada, babu GPS, babu titin sauka na kwalta, sai taswira da kamfas.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, kuma filin jirgin Kano shi ne mafi tsufa a ƙasar nan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka ɓullo da wata dabara: a kwance jiragen yaƙi a zuba su cikin akwatunan katako, a kai su Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a haɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, Alfashir, Khartum, har Masar. Daga 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Bayan yaƙi Kano ta ci gaba da zama zango ga jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, saboda jiragen lokacin sai sun tsaya shan mai bayan sun ƙetare Sahara. KLM ya fara zuwa a 1947, bai daina ba sai 2012. Akwai tsofaffin hotuna na wani mutum a kan raƙumi yana busa kakaki a filin jirgin Kano idan jirgi ya doso. Duk wanda na nuna wa hoton sai ya yi zaton na haɗa shi ne da manhaja.

Sai kuma aikin Hajji, wanda shi ne ainihin abin da ya haɗa talakan Arewa da jirgin sama. Kakanninmu da ƙafa suke tafiya, ta Borno da Chadi da Sudan, shekaru suna hanya suna noma suna ƙwadago don guzuri, da yawa a can suka zauna, jikokinsu na Sudan har gobe suna jin Hausa. Jirgi ya mayar da tafiyar shekaru ta koma ta awoyi. Ya kuma zo da nasa baƙin cikin: ranar 22 ga Janairun 1973 wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Duk wannan a garin da na girma ya faru, amma har na gama sakandare ba a taɓa kai mu wani wuri an ce ga jirgin da ya yi jigilar iyayenku ba. Gidan Makama an kai mu, gidan zu an kai mu. Labarin 1925 a intanet na tsince shi da Turanci, ina da shekara 22, ina neman wani abu daban.

Ina jiragen suka tafi?

Amsar a gajarce: sikeli. Jirgi idan ya daina tashi, ana cire inji da na'urorin da ke da sauran kuɗi, a bar gangar a gefen titin jirgi rana da ruwa na dukanta. A 2013 hukumar filayen jiragen sama ta ƙasa ta sa aka fara yayyanka gomman jiragen da aka yasar a filayen ƙasar nan. Ban ga laifinta ba a kan dalilin. Mataccen jirgi a kusa da titin sauka haɗari ne, tsuntsaye na sheƙa a ciki, macizai na shiga, ɓata-gari na iya laɓewa. Filin jirgi ba juji ba ne. Su ma 'yan gwangwan sana'arsu suke yi, alminiyam ɗin jirgi kaya ne mai daraja, kuma wanda ya narka shi ya zuba tukunya ya ciyar da iyalinsa da halal.

Inda nake da ja shi ne tsakanin "a kwashe" da "a yanka" babu wanda aka ɗora wa nauyin ya tsaya ya ce wannan guda ɗaya a bar shi. Nigeria Airways ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003, da Fokker F27 da F28, da Boeing 707 da 737, da DC-10, da Airbus A310. Kabo Air, kamfanin Kano da marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa, ya yi shekaru yana ɗaukar alhazai da Boeing 747. Idan da an ware guda ɗaya cikin waɗannan an jawo shi bayan katanga an sa masa matakala, da yau ɗan firamare zai biya kuɗi kaɗan ya zauna a kujerar da kakarsa ta zauna.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Afirka ta Kudu wata ƙungiyar masu sa kai, akasarinsu tsofaffin ma'aikatan kamfanin jiragen ƙasar, tana da gidan tarihi a ƙaramin filin jirgi na Rand kusa da Johannesburg. A 2004 aka sauke musu Boeing 747 mai suna Lebombo a kan siririn titin filin, shi ne jirgin da ya ratsa ta saman filin wasa ranar wasan ƙarshe na kofin duniyar rugby a 1995. Yana nan ana shiga. A Accra kuwa tsohon DC-10 na Ghana Airways aka mayar gidan abinci a 2013. Masu tsattsauran ra'ayin adana tarihi za su ce an ɓata shi da kujeru da tukwane. Ni na fi son jirgin da ake cin shinkafa a cikinsa a kan wanda ya zama tukunyar dafa shinkafar. A nan gida ma akwai gidan tarihin yaƙi na Umuahia, mai jiragen yaƙin basasa na ɓangarorin biyu, sai dai a fili suke a yankin da ruwan sama ba ya wasa.

Abin haushin shi ne yanayinmu na Arewa ya fi na kudu dacewa da ajiyar jirgi. Babban maƙiyin ƙarfe danshi ne. Shi ya sa Amurka ta tara dubban jiragen sojanta da suka yi ritaya a sansanin Davis-Monthan da ke Tucson a hamadar Arizona, inda iska a bushe take, ƙasa kuma da tauri ba sai an yi kwalta ba. Kano ba Arizona ba ce, muna da damina, muna da ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa, ga rana mai cin roba da fenti. Amma wata bakwai zuwa takwas na rani kyauta ce da Legas da Umuahia ba su da ita. Rumfar kwano da toshe ƙofofi za su yi rabin aikin.

Ƙarfen ba shi ne jirgin ba

Yanzu bari in shigo inda na fi ƙarfi. Aikin farko da na samu na rubuta manhaja, wani ofishi ne ya kira ni in gyara musu tsarin da suke lissafin kaya da shi. Wanda ya rubuta ya bar aiki shekara huɗu da suka wuce, lambarsa ba ta shiga. Manhajar na nan a kwamfuta tana aiki, amma babu tushen rubutunta, babu takardar bayani ko shafi ɗaya. Sati biyu ina fama, a ƙarshe na gaya musu gaskiya: ba ta gyaruwa, sai dai a sake sabuwa. Suna da abin a hannu, sanin yadda aka yi shi ne ya tafi.

Haka jirgi yake. A Old Warden da ke Ingila akwai tarin jirage na Shuttleworth, a wani ƙaramin fili mai titin ciyawa. Suna da Blériot XI na 1909, jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu ake tayarwa. Injinsa silinda uku ne, kuma sai iska ta kwanta sosai ake ɗan ɗaga shi ya yi tsalle a kan titin ya sauka. Yana tashi ne saboda duk abin da ke jikinsa kafinta da maƙeri da tela za su iya sake yi in an ba su awo. Katako ya ruɓe a sassaƙa wani, yadi ya yage a ɗinka wani.

DH.9A irin wanda ya sauka a Kano akwai guda a gidan tarihin sojan saman Ingila a Landan, kuma labarinsa ya ishi darasi. Jamusawa suka kama shi a 1918, suka kai shi gidan tarihi a Berlin, yaƙi na biyu ya jefa shi Krakow a Poland, sai a 1977 Ingilawa suka karɓo shi ta hanyar musaya da jirgin Spitfire. Gangar jikin ce ta tsira. Sauran sai da aka sake ƙerawa, kuma hakan ya yiwu ne don an san yadda ainihin yake.

Kwatanta wannan da Vulcan XH558, ƙaton jirgin yaƙin Ingila da jama'a suka yi karo-karo aka dawo da shi sama a 2007. A Oktoban 2015 ya yi tashinsa na ƙarshe. Bai faɗi ba, bai ƙone ba. Kamfanonin da hukuma ta dogara da sa hannunsu kan lafiyarsa ne suka janye, saboda injiniyoyin da suka san shi suna ta ritaya. Mu a harkar manhaja mun san wannan ciwo: ranar da kamfani ya ce ya daina tallafa wa wayarka, wayar lafiyarta lau amma kwananta ya ƙare.

Jiragen zamani kuwa lamarinsu ya fi haka tsanani. A 2020 wasu masu binciken tsaron kwamfuta suka zagaya cikin wani Boeing 747-400 da aka yi wa ritaya, suka nuna cewa bayanan hanyoyin sama da ake sabunta masa duk kwana 28, da faifan fulofi ake loda su, wanda ke ɗaukar megabayit 1.44. Hoto ɗaya na wayarka ya fi shi. Sony ya daina yin faifan tun 2011. Boeing 787 kuma a 2015 aka gano cewa na'urorin da ke kula da janaretocinsa za su iya kashe kansu in an bar su a kunne kwana 248 a jere, saboda wani ma'aunin lokaci a cikin manhajar yana cika ya zube. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan kuskure, yawancinmu mun taɓa yin sa, sai dai namu ba a sararin sama yake ba. To jirgin da rayuwarsa ke rataye da manhajar da kamfani ya kulle tushenta, wa zai tayar da shi bayan shekara 80? Hasashena shi ne Blériot na 1909 zai ci gaba da tsallensa bayan 787 na ƙarshe ya zama abin kallo a ƙasa.

Shi ya sa adakar Baba ta tsaya min a rai fiye da gangar jirgi. Kundin kamfani zai gaya maka yadda ake kwance abu. Littafin makaniki shi ne zai gaya maka abin da ƙurar hunturu ke yi wa matatar iska, da ɓangaren da ke yawan mutuwa a zafin Afrilu, da yadda aka yi aka tayar da jirgin alhazai cikin dare. Wannan babu shi a ofishin kamfanin da ya ƙera jirgin a Amurka ko Holan. A ƙarƙashin gadajen Fagge da Kurna da Tudun Wadar Kaduna yake, kuma masu shi sun haura saba'in.

Masu cewa a bar maganar

Na tattauna wannan da abokai, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Ta farko ita ce yunwa: ƙasar da asibiti ba magani, makaranta ba kujeru, ita za ta gina wa mataccen jirgi rumfa? Na yarda, kuma shi ya sa ba na neman gwamnati ta ware biliyoyi ta gina katafaren gini da za a buɗe da kakaki a rufe bayan shekara biyu. Mun ga irinsu. Abin da nake nema daga hukuma doka ce mai layi biyu: kafin a yanka duk wani jirgi da aka yasar, a ba da wata uku ga makaranta ko ƙungiya mai rajista da ke son ɗauka, a kuma bari a ɗauki hotunansa ciki da waje. Wannan ba ya cin kasafin kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wani abokina ya ce jiragen 1925 ba ziyarar zumunci suka zo ba, nuna ƙarfin mulkin mallaka suka zo yi, don me za mu yi ta murna da su? Gaskiya ya faɗa. Irin wannan DH.9A ɗin Ingilawa suka yi amfani da shi a Iraƙi a shekarun 1920 suna jefa bama-bamai kan ƙauyukan da suka bijire musu. Amma ajiye abu daban, yabonsa daban. Idan mu ba mu rubuta allon bayanin ba, wanda ke Landan ne kawai zai rage, shi kuma labarin matuƙan yake bayarwa. Su waye suka share filin da jiragen suka sauka? Su waye suka yi dakon man da jirage 5,000 suka sha a hanyar Takoradi? Me mutanen birni suka ce da suka ga abin a sama? Wannan ɓangaren namu ne, kuma in za a same shi to a takardun Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ne, da Arewa House, da bakin tsofaffi.

Ta uku ita ce tsaro, kuma a nan ba ni da ja ko kaɗan. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauki waya ya nufi katangar filin jirgi ko sansanin soja yana ɗaukar hoto. Zai kwana a inda bai shirya ba, kuma ni ba zan iya belinsa ba. Komai da takardar izini.

Da za a ce in zaɓi jirgi ɗaya tak a fara da shi, ba 747 zan zaɓa ba duk da ƙaunar da nake masa. Jawo shi kaɗai aiki ne na manyan kuɗi. Air Beetle zan zaɓa. Ƙaramin jirgin koyon tuƙi ne mai kujera biyu da aka haɗa a Kaduna wa rundunar sojan sama, kusan guda 60, bisa ƙirar RV-6A ta kamfanin Van's na Amurka. Eh, ƙirar ba tamu ba ce, amma hannun 'yan ƙasar nan ne ya haɗa shi, kuma matasa nawa ne suka san an taɓa haɗa jirgi a Kaduna? In an cire fukafukan tirela ɗaya za ta ɗauke shi. Zai shiga harabar kwalejin fasaha ko ta kimiyya, ko Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da ke nan tun 1964, a buɗe wa 'yan makaranta rana ɗaya a mako. Yaron da ya leƙa ya ga yadda sandar tuƙi ke jan waya, waya ta motsa bayan fiffike, ya fahimci abin da zanen allo ba zai koya masa ba. A Legas masu sa kai sun yi irin wannan da tarihin jirgin ƙasa a Jaekel House da ke Ebute Metta, a tsohon gida guda, ba tare da jiran wani babban gini ba.

Namu aikin

Sauran aikin namu ne, mu masu waya da kwamfuta, kuma ba ya jiran izinin kowa tunda a zaure ake yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai tsohon matuƙi ko makaniki ko ma'aikaciyar cikin jirgi ko mai kula da hasumiya a danginku, je ka gaishe shi ka nemi ya ba ka awa ɗaya. Ɗauki muryarsa da Hausa, yadda yake magana, kada ka matsa masa sai ya yi Turanci, domin sunayen da suke kiran kayan aiki da su a bakin aiki su ma abin adanawa ne. Takardu kuma a shimfiɗa su a inuwa mai haske, waya a tsaye daidai saman shafi, ba filasha. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya zubar da ƙananan rubutu. Tura shi a matsayin fayil. Sa wa kowane fayil suna mai shekara da wuri da sunan mai shi, ba IMG da lambobi ba. Kwafi uku, a wurare daban-daban, ɗaya a intanet. Na koyi wannan ne bayan faifan ajiyar kwamfutata ya mutu da aikin wata shida a ciki.

Hotunan da mutum ya ɗauka da kansa, in ya yarda, a ɗora su a Wikimedia Commons da lasisin da kowa zai iya amfani da su, daga nan su shiga Wikipedia ta Hausa. Muryoyi da littattafan aiki Internet Archive na karɓa kyauta. Kundin da kamfani ya buga kuwa yana da haƙƙin mallaka, a ajiye kwafinsa amma kada a watsa. A kuma tambayi mai abu kafin a saki duk shafin da ke da sunayen wasu.

In an samu izinin zuwa jikin jirgi, akwai dabarar da ake haɗa siffar 3D daga hotuna. Za ka zagaya abin kana ɗauka, kowane hoto ya haɗa kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, sai manhaja ta gano wuraren da suka yi daidai ta lissafo siffar. Meshroom kyauta ce kuma tushenta a buɗe yake, sai dai tana son kwamfuta mai katin hoto na Nvidia, wanda ba kowa ke da shi ba. Ni ma aron ta wani mai haɗa bidiyo nake yi. Wani abin dariya: dabarar ba ta son abu mai ƙyalli, tana rikicewa. Jirgin da ƙura ta lulluɓe, fentinsa ya dushe, ya fi sabo fitowa da kyau. Cibiyar Smithsonian ta Amurka ta saki siffar jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 kyauta ga mai son saukewa. Akwai kuma FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi mai buɗaɗɗen tushe tun 1997, wadda kowa zai iya ƙara mata jirgi ko fili. Babu abin da ya hana ɗalibai uku su gina filin jirgin Kano na shekarun 1950 a cikinta daga tsofaffin hotuna, har da mai raƙumin.

Na san siffar kwamfuta ba za ta maye gurbin taɓa ƙarfe da hannu ba. Amma tushen manhajar da ta kai Apollo 11 duniyar wata yana GitHub tun 2016, kuma ya isa can ne don wasu sun ajiye takardun da aka buga shi a kai, wasu masu sa kai kuma suka zauna suka kwafe shi layi-layi. Ba hukuma ce ta fara ba.

Shafuka 214 na Baba yanzu suna wuri uku. Na fara rubuta su a kwamfuta, kuma duk inda na kasa karanta rubutunsa ko na ci karo da gajerun kalmomin aikinsu, sai in tara tambayoyin in same shi bayan la'asar. Makon jiya na nuna masa wani hoto da suke su bakwai a gaban injin da aka buɗe, na ce, "Baba, su waye waɗannan?" Ya kira sunan shida ba tare da tsayawa ba, ya ce biyar sun rasu. Na bakwai ɗin ya ce a ba shi lokaci zai tuna. Ya kuma ce ɗayan da ke raye yana Zariya, kuma adakarsa ta fi tasa girma. Ranar Asabar za mu je, ni da jikan.